Wata uku na bazara: buri nawa mutum zai iya ɗauka?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Bazara ta ƙarato, an kuma fara jera buri kamar kowace shekara: wannan zai fara motsa jiki, wancan zai koyi Faransanci, waccan za ta karanta littafi goma sha biyu, wani ma duk ukun zai haɗa ya ƙara da tara kuɗi. Kafin mako na huɗu sai ka ji shiru. Ina roƙon masu sani su fito su faɗi yadda ake tsara abin dalla-dalla, kada a tsaya a kan "a dage" kawai. Mu fara da lissafi. Bazarar ƙasashen arewacin duniya nake nufi, lokacin zafi da hutu: daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Agusta kwana 92 ne, wato mako 13 da kwana ɗaya. Na kudancin duniya, irin su Ostareliya, tasu bazarar Disamba zuwa Fabrairu ce, amma tsawon kusan ɗaya ne. To me mako 13 zai iya ɗauka?

Hajiya Ladi: Wa alaikumus salam. Malam Habu, 13 ɗin nan a jikin kalanda kawai yake. Cire mako ɗaya na tafiya ko baƙi, cire ɗaya na rashin lafiya, taka ko ta wani naka, cire ɗaya na kasalar da ba ta da dalili. Saura 10, kuma a kan 10 ake tsari. In sauran ukun sun samu, riba ce.

Sai a koma kan sa'o'i. Mako ɗaya sa'a 168 ne. Barcin sa'a 8 kullum ya cinye 56. Aiki da zirga-zirgarsa a ce 50. Hidimar gida, wanka, ibada, iyali, a ce 40. Abin da ya rage 22 ne, kuma rabinsa gutsattsari ne, minti goma nan, minti ashirin can, ga gajiya. Wanda za a iya zama a yi abin kirki da shi bai cika wuce sa'a 5 zuwa 7 a mako ba. A ninka da 10, sa'a 50 zuwa 70 ke nan. Jarin bazara gaba ɗaya ke nan ga mai aiki. Ɗalibin da ke hutu ya fi haka, amma shi ma kada ya yi kirdado. Ya ɗauki kwana uku yana rubuta abin da ya yi duk rabin sa'a, ya kuma buɗe wurin da waya ke nuna tsawon lokacin da aka yi a kanta. A nan yawanci ake gano inda sa'o'in suka zurare.

Malam Nuhu: Hajiya ta kawo ma'auni mai kyau, bari in ɗora koyon harshe a kai. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana bukatar sa'a 600 zuwa 750 a aji kafin ya ƙware a Faransanci ko Sifaniyanci har ya yi aiki da shi, Larabci da Sinanci da Japananci kuwa kusan 2,200. Sa'a 60 kashi ɗaya cikin goma ne na mai sauƙin. Don haka wanda ya rubuta "zan iya Faransanci kafin Satumba" ya faɗi tun bai fara ba. Abin da sa'a 60 za ta iya saya shi ne kalma 700, goma a kullum na kwana 70, da hirar minti biyar a kan kanka da aikinka da iyalinka ba tare da duba takarda ba. Wannan ana iya gwada shi ranar ƙarshe a ce an yi ko ba a yi ba.

Koci Ɗanjuma: Gudu ya fi harshe arha. Akwai tsarin Couch to 5K na kai sabon mai gudu ga kilomita 5, wanda hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ke yaɗawa: mako 9, sau 3 a mako, kusan minti 30 kowane fita. Duka-duka sa'a 13 da rabi. Makon farko tafiyar minti 5 don ɗumama jiki, sannan sassarfar daƙiƙa 60 da tafiyar daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti 20. Mako na biyu sassarfa daƙiƙa 90, tafiya minti 2. Ƙarshen mako na biyar ake yin minti 20 ba tsayawa, kuma a nan mutane da yawa ke tsorata. Mako na tara minti 30. A lura, sabon mai gudu ba lallai ya cika kilomita 5 cikin minti 30 ba, saboda haka a rubuta burin da minti, ba da nisa ba.

Baba Garba: Ni dai ban gamsu ba. Tun ba a fara ba kun yanke mako uku, kun mayar da harshe kalma 700, kun mayar da gudu rabin sa'a. Wannan ai koya wa yara ƙasƙantar da himma ne. Wanda ya nufi sama ko ya faɗo ya fi wanda ya nufi bakin ƙofa.

Dakta Sa'adatu: Baba, maganarku tana da tushe, har bincike ya goyi bayanta. Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru suna nazarin wannan, tun daga aikin Locke na 1968, kuma abin da suka yi ta samu shi ne buri mai wuya, ƙayyadadde, ya fi fitar da aiki a kan buri mai sauƙi ko "yi iya ƙoƙarinka". Amma akwai sharuɗɗa. Dole mutum ya kasance yana da iyawar, ya ɗauki burin da gaske, kuma yana ganin sakamakon aikinsa a kai a kai. Sun kuma nuna cewa in aikin sabo ne mai sarƙaƙiya, burin koyo ya fi burin sakamako amfani. Wanda bai taɓa ɗinki ba, "zan ƙware a yanka da haɗa hannun riga" ya fi masa "zan ɗinka riga 30", domin na biyun zai sa shi gaggawa ya yi ta maimaita kuskure ɗaya. Mai wuya daban, wanda ba zai yiwu ba daban. Kalma goma kullum har kwana 70 ba wasa ba ce, Baba.

Baba Garba: To na ji. Amma wa zai faɗa wa mutum iyakar iyawarsa in bai gwada ba?

Hajiya Ladi: Makon farko ne zai faɗa masa. A ɗauke shi a matsayin awo. Mai son karatu ya zauna minti 30 da agogo, ya ga shafi nawa ya karanta da fahimta. In 12 ne, littafi mai shafi 300 zai ci zama 25. Zama biyar a mako, mako biyar ke nan, wato littafi biyu a mako goma, ba goma sha biyu ba. In yana son huɗu sai ya nemo sa'a guda a kullum, ya kuma faɗi abin da zai bari don ya same ta. Bayan an auna, a ɗora kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a kan abin da aka iya. Ga wahalar da Baba ke nema nan, amma a kan awo aka gina ta.

Kuma duk abin da ba a iya auna shi da agogo, kamar rubuta kundi ko gyara ɗaki, a ninka ƙiyasin da ɗaya da rabi. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada sun tambayi ɗalibai kwana nawa zai ɗauke su su gama kundin digiri. Matsakaicin amsarsu kusan kwana 34. Da aka ce su ƙiyasta in komai ya lalace, suka ce kusan 49. A zahiri ya ɗauke su kusan 56. Ko mummunan zatonsu bai kai gaskiya ba.

Ummi: Yayye da iyaye, tambaya gare ni. Buri nawa ya kamata a ɗauka lokaci ɗaya? Kuma gaskiya ne in ka yi abu kwana 21 ya zama jiki?

Koci Ɗanjuma: Babba ɗaya, ƙarami ɗaya, kuma kada su riƙa cin abu iri ɗaya. Gudu da karatu suna iya zama tare, ɗaya jiki yake ci ɗaya ƙwaƙwalwa. Harshe da shirin jarrabawa kuwa taura biyu ce. Kada kuma a fara su rana ɗaya, a bar mako biyu tsakani.

Dakta Sa'adatu: Ƙanwata, zancen kwana 21 ba daga bincike ya fito ba. Asalinsa wani likitan tiyatar gyaran kama ne Ba'amurke, Maxwell Maltz, da ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Aka jefar da "aƙalla", aka mayar da maganar doka. Wanda aka auna da gaske shi ne na Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan, wanda ya fito a 2009. Mutum 96 suka zaɓi sabuwar ɗabi'a guda suna yi kullum har mako 12. Matsakaicin lokacin da abin ya zama jiki kwana 66 ne, amma daga mutum zuwa mutum ya kama daga 18 har 254. Abu mai sauƙi kamar shan ruwa ya fi saurin kamawa a kan motsa jiki. Kin ga 66 ya shiga cikin 92, amma da kyar, kuma sai in an fara da wuri. Abin da ya fi muhimmanci a binciken, tsallake rana ɗaya bai ɓata ginin ba.

Malam Habu: Dakta, wannan na ƙarshen a faɗaɗa shi, don a nan yawanci ake zubewa.

Dakta Sa'adatu: Rana ɗaya ba ta kashe buri, abin da mutum ya gaya wa kansa washegari ne ke kashe shi. Janet Polivy da Peter Herman sun lura da haka a wajen masu rage ƙiba: da zarar sun ga sun ƙetare iyaka sai su ce tunda an ɓata a ƙarasa. Maganinsa a saka faɗuwar cikin tsari tun farko. Kada a rubuta "kullum", a rubuta kwana 5 cikin 7, biyun su zama na uzuri. A kuma ajiye ƙaramin salo na ranar da komai ya cakuɗe: tafiyar minti 10 maimakon gudun 30, shafi 2 maimakon 12, bitar tsofaffin kalmomi ba tare da ƙara sababbi ba. Sai babbar doka, kada a biya bashi. Wanda ya rasa Talata kada ya ninka Laraba.

Koci Ɗanjuma: A gudu biyan bashi shi ke kai mutum ga rauni. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, amma jijiyoyi da ƙasusuwa sun fi su jinkiri. Shi ya sa a mako na uku ko na huɗu mutum yake jin numfashinsa ya daidaita, sai ya ƙara nisa da sauri lokaci guda, kwana kaɗan ƙwauri ko gwiwa su fara ciwo. A bar kwana ɗaya tsakanin kowane fita biyu. In mako ya gagara, a maimaita shi, ba laifi ba ne. In an yi mako guda ba a fita ba, a koma baya mataki ɗaya. Ciwon tsoka da ya bazu ko'ina bayan kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma ciwon da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, ko wanda ya sa ka ɗingishi, wannan a tsaya a ga likita. Gudun kuma ya zama wanda za ka iya magana cikinsa. In jimla ɗaya ta gagare ka, ka yi sauri da yawa.

Malam Nuhu: Harshe ma yana da nasa bashin. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, shi ya sa ake bita da tazara: washegari, bayan kwana 3, bayan 7, bayan 14, bayan 30. Ana iya yi da katin takarda da akwati mai gida biyar, irin tsarin Sebastian Leitner, wanda aka tuna ya ci gaba, wanda aka manta ya koma gidan farko. Ko a yi da Anki, manhajar da ke tsara irin wannan bitar kati. Kuskuren da ake yi shi ne zuba sababbin kati 40 ko 50 a ranakun ɗoki. Bita tana taruwa ta kai kusan ninki goma na sababbin da ake sakawa kullum, wato mai saka 20 zai wayi gari da kusan 200 a rana. Ya yi kwana huɗu bai buɗe ba sai ya tarar da tudu, ya rufe ke nan har abada. In haka ta faru, a tsayar da sababbi cak, a riƙa rage tudun minti 15 kullum har ya ƙare. Kuma kowace kalma a sa ta cikin jimla, a furta ta da baki. Kalmar da ido kawai ya sani ba ta fitowa ranar hira.

Hajiya Ladi: Akwai abin da ba a taɓo ba, yaushe kuma a ina. Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi suna a kan wannan: a rubuta shiri da sigar "idan kaza ya faru, zan yi kaza". Ba "zan riƙa karatu da safe" ba, a'a, "idan na gama wanka, zan zauna a kujerar bakin taga in karanta minti 30, waya tana wani ɗakin". A jingina shi da abin da ba ya tashi, ba da ƙarfe nawa ba, domin a lokacin hutu agogo ba ya da iko da kowa. Matsalar hutu ke nan: aiki da makaranta su ne ke riƙe da yini, da sun tafi sai "anjima" ta mamaye komai. A kuma yi wa cikas irin wannan shirin: "idan baƙi suka zo, zan yi ƙaramin salon kafin in kwanta". Gabriele Oettingen ta gano cewa masu yawan mafarkin nasara ba tare da duban cikas ba ƙoƙarinsu kan ragu, kamar rai ya riga ya ɗanɗana ladan. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Dakta Sa'adatu: Koci, ka bar zafi a baya, alhali bazara ake magana. Jiki yana bukatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, don haka makon farko a rage tsawo da ƙarfi, a kuma fita da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi. Kamar sa'a huɗu kafin fita a sha ruwa mililita 5 zuwa 7 a kan kowane kilo na nauyin jiki, mai kilo 70 kusan 350 zuwa 500 ke nan. A hau sikeli kafin da bayan motsa jiki sau biyu ko uku don a san yawan gumin da ake yi: kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce. Kada raguwar ta wuce kashi 2 cikin ɗari, ga mai kilo 70 kilo 1.4. A mayar da abin da aka rasa a hankali, da ɗan ƙari. Amma kada a yi ta ɗura ruwa fiye da ƙima, yana iya tsinka gishirin jini, shi ma haɗari ne. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, a tsaya a shiga inuwa. In mutum ya fara rikicewa ko magana ba kai, gaggawa ce: a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take, a nemi asibiti. Mai hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga ko juna biyu ya ga likita kafin ya fara. Barci kuma kada ya gaza sa'a 7. Wanda zai tashi ƙarfe biyar don gudu, lokacin kwanciyarsa ne farkon abin da zai gyara.

Ummi: Sai batun gaya wa mutane. Wasu sun ce ka shelanta a Facebook don kunya ta hana ka fasawa, wasu sun ce ka yi shiru.

Baba Garba: Shiru. Mai yi ba ya faɗa.

Koci Ɗanjuma: Ban yarda gaba ɗaya ba, Baba. Wanda abokinsa ke jiransa a bakin hanya ƙarfe shida zai fito ko ba ya so.

Dakta Sa'adatu: Ku duka kuna da gaskiya, abu biyu kuke magana a kai. A 2009 Gollwitzer ya nuna cewa ɗaliban da aka san niyyarsu ta zama wani abu, kamar lauya, sun rage ƙoƙari, don yabon ya riga aikin zuwa. A 2016 kuma Benjamin Harkin da abokan aikinsa suka tattara bincike 138, suka ga bibiyar ci gaba tana taimakawa wajen cim ma buri, kuma ta fi ƙarfi in an rubuta ko an kai wa wani rahoto. Wato niyya a ɓoye ta, aikin da aka yi a kai rahotonsa. Mutum ɗaya ya isa, wanda ba ya jin nauyinki, ki aika masa lamba duk ƙarshen mako: fita 3, shafi 55, kalma 48.

Hajiya Ladi: Rubutun kuma kada a wahalar da shi. Takarda ɗaya a bango, layi 13, gida 7 kowane layi, alama in an yi, rabin alama in ƙaramin salo ne. Minti 10 a ƙarshen mako a duba: sau nawa aka yi, wace rana ce ke yawan faɗuwa, me za a canza, abu ɗaya tak. In Alhamis ce ke faɗuwa mako uku a jere, matsalar ba himma ba ce, a ɗauke aikin daga Alhamis. A mako na shida a yi babban dubawa. Wanda ya cika ƙasa da rabi ya rage burin da kashi ɗaya cikin uku, ko ya sauke na biyun. Wanda ya cika sama da kashi 90 ba tare da jin jiki ba ya ƙara, kuma nan ne maganar Baba Garba take da wuri.

Masu burin tara kuɗi, naku ya fi kowanne sauƙin tsari: a cire kason ranar da kuɗin ya shigo, ba abin da ya rage ƙarshen wata ba, a kai shi asusun da ba shi da kati.

Ummi: In mutum bai farga ba sai tsakiyar Yuli fa?

Hajiya Ladi: Daga 15 ga Yuli zuwa ƙarshen Agusta kwana 48 ne, mako 7 ba kwana ɗaya. Cire ɗaya da rabi, ki tsara a kan biyar da rabi. Buri ɗaya kawai. Littafi ɗaya mai shafi 300, ko kalma 350 zuwa 400.

Koci Ɗanjuma: Gudu kuwa kada ki matse mako tara cikin bakwai. Ki bi shi yadda yake, ƙarshen Agusta ya same ki a wajen minti 25, sauran mako biyun ki ƙarasa a Satumba. Amma tun yanzu ki duba jadawalin komawa aiki ko makaranta ki ga inda fita ukun za su zauna, domin sa'ar da kike da ita a hutu ba za ta kasance a wurin ba.

Baba Garba: Ni dai a rubuta mini littafi uku, ba biyu ba. Mu haɗu a mako na shida, Hajiya, ki zo da takardarki.